Hoton da Baba Haladu Ya Hana a Ɗauka

Ina so mai karatu ya san iyakar abin da na sani tun daga farko. Ni ba likita ba ne, ba kuma lauya ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini, inda na manta kuwa zan bar gurbin haka nan. Na canza sunayen mutane, kamfanin kuma ba zan ambace shi ba, domin maganar tana gaban hukuma har yanzu.

Zangona na farko a Doha shi ne Lusail, sabon gari na dogayen gine-ginen gilashi a arewacin birnin. Na karanta ilimin adana bayanai a jami'a, kuma ejan da ya yi mini hanya daga Kano ya rantse mini cewa aikin ofis ne yake jirana. Abin da na tarar shi ne rigar masu gadi, da hula wadda ta yi mini girma, da ƙofar wani otal inda nake tsayawa daga safe zuwa magariba. Baƙi sukan wuce ni kamar yadda suke wuce tukunyar fulawar da ke gefena. A watan farko ban ji wani ya yi mini Hausa ba sai mahaifiyata a waya. Ita ma ban gaya mata gaskiya ba. Wata rana da aka tashi daga aiki na cire rigar, na zauna a kujerar falon otal ɗin, na sa wani abokin aiki ɗan Nepal ya ɗauke ni hoto, na aika gida. Ina ambaton wannan ne saboda yana da alaƙa da abin da zai zo.

Mahaifina ya ba ni lambar wani amininsa na ƙuruciya daga Malumfashi, Baba Haladu, wanda ya yi shekara goma sha bakwai a ƙasar. Kowa a unguwarmu ya san shi direban wani babban mutum ne. Hotunansa suna yawo a wayoyin 'yan'uwa: farar jallabiya, baƙin tabarau, hannu ɗaya a kan wata farar mota. Ranar wata Juma'a da na sami hutu na neme shi, ya kwatanta mini wani tsohon gida a Al Asmakh, unguwar da ke cikin tsohon gari, inda gidaje suka tsufa, shaguna suka matsu da juna.

Ya sauko ya tarye ni a ƙofa. Hawa ɗaya ne kacal zuwa ɗakinsu, amma sau uku ya tsaya a kan matakala, yana riƙe da bango, yana tambayata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai daga baya na gane cewa tambayoyin hutu ne yake yi. A ɗakin akwai gadaje shida, an raba su da labule. Ya zaunar da ni a nasa, ya ɗauko tukunyar tuwon semo da miyar kuka, kukar ma daga gida aka aiko masa. Na ci har na ji kunya. Lokacin da yake miƙo mini ruwa na lura da yatsunsa: kawunansu sun yi kauri, faratan sun lanƙwashe kamar bayan cokali. Yana kuma wani busasshen tari wanda ba ya fitar da komai.

Na ce, "Baba, ina motar take? Ko maigidan ba ya barin a zo da ita?"

Daga bayan labule wani ya fashe da dariya. Awudu ne, mutumin zangon Kumasi a Ghana, abokin aikin Baba na shekaru. Ya leƙo ya ce, "Alhaji Direba, ɗanka yana tambayar mota. Nuna masa mana. Ga ta can a ƙarƙashin gado."

Abin da ke ƙarƙashin gadon guduma ce babba, da takalman roba.

Baba ya dubi gudumar. Sannan ya gaya mini, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Tun zuwansa bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa, gurbin direba ne ya rage masa a lokacin, don haka aka rubuta direba a katin zamansa. Aikin da yake yi shi ne rushe tsofaffin gidaje da rumbunan ajiya. Su ne masu hawa sama su ciro rufin nan mai launin toka, su fasa shi da guduma ko su yanka da inji don ya shiga mota. Su ne masu tono tsofaffin bututu. Na tambayi abin da suke rufe hanci da shi. Awudu ya ce tsumma, sai fa ranar da aka ji masu dubawa za su zo, ran nan akan raba takunkumin takarda, da yamma a karɓe.

Baba ya ce, "Ɗan boko, abin da ka ji a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsaya. Matata, Maman Sadiya, ba ta sani ba, babanka ma bai sani ba."

Na yi masa alkawari. Na riƙe shi wata biyar.

Zango na gaba asibiti ne. Awudu ya kira ni da rana tsaka ya ce Baba ya yanke jiki a wurin aiki. Na roƙi shugabanmu na masu gadi, ya bar ni bayan ya tabbatar mini cewa za a cire ranar daga hutuna. Likita ya ɗora hoton ƙirjin Baba a allo, ya nuna ƙasan huhun biyu, inda ya kamata ya yi duhu amma ya yi fari-fari kamar saƙar gizo-gizo. Yana magana da Turanci ina fassarawa, ina tsoron kada in kuskure kalma ɗaya. Muna cikin haka wata nas da ke gyara ƙarin ruwa a gadon gefe ta juyo ta ce, "Sannu, Baba. Daga ina?"

Sunanta Sista Rahila, 'yar Kagoro ce. Bayan likita ya fita ta jawo kujera ta zauna, ta yi mana bayanin da har yau nake gode mata. Ta ce rufin da bututun na asbestos ne. Idan aka fasa shi yakan saki wasu zarurruka da suka fi gashi siranta, ido ba ya ganinsu, su shiga huhu su maƙale. Jiki ya yi ta ƙoƙarin fitar da su ya kasa, sai wurin ya yi tabo, huhu ya taurare. Yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana, kuma tabon ba ya gogewa. Abin da magani yake yi shi ne rage wahala. Ta tambayi Baba wa yake wanke masa kayan aiki, domin ƙurar takan bi tufafi har gida ta kama wanda bai taɓa zuwa wurin aikin ba. Ya ce shi da kansa yake wankewa. Ta ce to, da sauƙi.

Sannan ta rage murya. "Ku saurare ni da kyau. Dokar aiki ta ƙasar nan ta san da cututtukan da sana'a ke jawowa. Idan aka tabbatar a wurin aiki ya samu, kamfani ne zai ɗauki nauyin magani, kuma akwai diyya gwargwadon yadda likitoci suka auna nakasar. Amma neman diyyar yana da wa'adi, shekara ɗaya daga rahoton likita na ƙarshe. Kada ya sa hannu a kowace takarda. Kada ya hau jirgi kafin a shigar da ƙara."

Na rubuta duka a ɗan littafina, na karanta mata, ta gyara mini wuri ɗaya. Maganar wa'adin daga baya lauya ya maimaita mini ita kamar yadda ta faɗa.

Baba ya ce, "'Yata, ni fa ba na son rigima. Cuta daga Allah take."

Ta ce, "Daga Allah take, Baba, ban musa ba. Amma takunkumin da aka hana ku, a hannun mutum yake."

Mako biyu bayan an sallame shi kamfani ya kira shi ofis, na raka shi. Ban taɓa shiga ɗaki mai sanyi da ƙamshi irin wannan ba. Mudir ɗin, wato manajan ma'aikata, ya taso ya rungume Baba, yana kiransa habibi, wato masoyina da Larabci, ya sa aka kawo shayi da dabino. Ya ce Haladu ɗan'uwansu ne, ba ma'aikaci ba, kuma sun ga ya kamata ya koma gida ya huta cikin iyalinsa. Ya ajiye tikitin jirgi a kan tebur, da wata ambulan, da takarda mai shafi biyu. Na kawo maganar rahoton likita. Ya yi murmushi ya juyo da allon kwamfutarsa. "Direba," in ji shi. "Ga kati. Direba yana fasa rufi? Kuma na ji a Najeriya gidajenku da silin asbestos ake yin su. Wa ya san inda ya shaƙa?"

A daidai nan tari ya sarƙe Baba. Abin da na gani ba zan manta ba. Mudir ya ja kujerarsa baya, ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko takunkumi mai kauri, irin mai roba a gefe wanda yake manne wa fuska, ya sa. Ciwon Baba ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma rahoton da ke faɗin haka yana gabansa. A aljihun na hango kwalin takunkuman, cike.

Na ɗauki takardar na karanta ɓangaren Turancin sau biyu, ina bin layi da yatsa. A ƙasan shafi na biyu an rubuta cewa mai sa hannu ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, ba ya bin kamfani komai yanzu ko nan gaba. Kafin in ɗago, Baba ya riga ya ɗauki biro. Na dafe takardar.

Ya ce da Hausa, a hankali, "Sake mini. Mun sha shayin mutum, ya rungume ni a gaban jama'a. Da wane ido zan ce masa a'a?"

Na ce, "Baba, ka yafe mini, amma ba zan sake ba."

Mudir ya ce daga cikin takunkumi, yana gaggauta mu da Larabcinsa, "Yalla, khalas, sa hannu kawai." Na ce masa za mu yi shawara. Muka fito. A cikin bas Baba bai yi mini magana ba har Al Asmakh.

Sista Rahila ce ta haɗa mu da wani lauya ɗan Sudan wanda ya taɓa taimakon wata 'yar cocinsu. Dattijo ne mai haƙuri. Ya ce rahoton likita yana da ƙarfi, amma ya nuna ciwon ne kawai, bai nuna inda aka samo shi ba. Takardun da ake rubuta wanda ya je wane aiki suna hannun kamfani. Abokan aiki kuwa duk suna ƙarƙashin kafil ɗin, wanda ya buɗe baki ya san abin da zai biyo baya. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai. Ba shi da hoto ko ɗaya a bakin aiki?"

Na karɓi wayar Baba, da wata tsohuwa da ya ajiye a akwati, na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mana bin kundin ajiya. Sai na fahimci yadda ya yi rayuwarsa. Kowace Juma'a yakan yi wanka da kyau, ya goge farar jallabiyar nan, ya tafi kasuwar Souq Waqif ko bakin teku, ya nemi motar da mai ita ba ya kusa, ya jingina. Motocin sun canza da shekaru, gemunsa ya yi furfura, jallabiyar ta soma yi masa yawa. Babu hoto ɗaya da guduma, babu ɗaya da ƙura. Da mudir ya sami wayar nan, da ta ishe shi hujja. Shekara goma sha bakwai Baba yana tara wa kamfani shaida a kan kansa, kowane mako, da hannunsa. Na so in ji haushinsa, sai na tuna kujerar falon otal.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Awudu ya ce in same shi a Souq Waqif bayan la'asar. Muka zauna a kan wani dakali kusa da inda 'yan dako suke jera baro. Ya miƙo mini waya. Ɗan gajeren bidiyo ne. Mutum ne durƙushe a kan tarin rufi yana yanka da inji, farar ƙura tana tashi ta lulluɓe shi. Ya ɗago, fari fat tun daga gashi har gira, tsumma a hanci, alamar kamfani a ƙirjin rigarsa, lambar motar kamfanin a bayansa. Ya janye tsumman yana daka wa mai ɗauka tsawa. Fuskar Baba ce, ba shakka.

Awudu ya ce, "Don wasa na ɗauka, na ce ga Alhaji Direba ya zama fatalwa. Ya bi ni da guduma, ya sa na rantse na goge. Na goge kuwa. Amma kafin nan na riga na tura wa ƙanena a Kumasi don ya yi dariya. Shi wannan ba ya goge komai, har saƙon barka da Sallah na shekarun baya yana nan."

Na ce, "Muryarka ta fito a ciki. Za su gane kai ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ma na fara tsayawa a matakala, malam. Ka kai wa lauyan."

Lauya ya ga bidiyon ya ce wannan zai buɗe ƙofa. Amma ya ƙara da wata magana, ya ce in faɗa wa Baba ita ba tare da ado ba. Irin wannan shari'a takan ja lokaci, huhun kuma ba ya jira. Dole iyalinsa su san komai, su riƙe kwafin fayil ɗin, a kuma shirya takardar wakilci, domin idan ta Allah ta kasance haƙƙin ya koma ga magada. Wato dole Maman Sadiya ta ga bidiyon.

Baba ya ƙi. Ya zagi Awudu zagin da ban taɓa jin ya yi ba, Awudu yana cewa, "Na ji, Alhaji, ƙara wani." Sannan ya juyo kaina. "Matar nan tana zuwa biki ana nuna ta ana cewa mijinta yana tuƙa manya a ƙasar Larabawa. Sadiya tana makarantar koyon jinya, ƙawayenta sun san babanta direba ne. Yanzu in nuna musu wannan? Gara in mutu direba."

Na ce, "Idan ka mutu direba, Baba, kamfani ya ci. Sadiya kuma da me za ta ƙarasa karatun?"

Ya juya fuska bango.

Kwana uku ina tunani. Na ga ba ni da bakin da zan ce wa dattijo ya yi abin da ni na kasa. A rana ta huɗu na sa ɗan Nepal ɗin nan ya sake ɗaukata hoto, wannan karon a bakin ƙofa, cikin riga da hula, na aika wa mahaifiyata da bayanin gaskiya. Da Juma'a ta zo na nuna wa Baba hoton, na kunna masa saƙon muryar da ta maido. Ga abin da ta ce, ban rage ba ban ƙara ba: "To, Allah ya yi albarka. Amma ka ce su canza maka hular nan, ta rufe maka kunne."

Baba ya yi dariya har tari ya kama shi, muka ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Kira mini Maman Sadiya."

Da hantsi ne a gida. Na tura bidiyon, muka jira, sannan na kira ta yadda za mu ga juna. Tana zaune a tsakar gida, na gane bishiyar darbejiyar da ke bayanta. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ga Baba." Ita ce ta fara.

"Malam, wannan ne abin da kake ɓoyewa? Ai na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Wane direba ne tafin hannunsa yake kama zare idan ya taɓa zane? Na yi shiru ne don na ga shirun kake so. Kuma ga kayan nan da kake kawo wa 'yan'uwanka su Isuhu na zuwa gona, kana cewa gwanjo ka saya. Gwanjo da sunanka a wuya?"

Baba ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, don haka ba zan ce ba. Awudu yana ta cewa, "Ka gani? Ka gani?" Ni kuwa maganar kayan nan ce ta tsaya mini a rai. Na karɓi wayar.

"Inna, kayan nan, a wanke yake kawo su?"

"Wane wanki? Wankin maza? Farar ƙasa ce cike a aljihu da cikin ɗinki. Sai mun shanya a igiya ni da Sadiya mun bubbuge da sanda, ƙura ta tashi kamar ana tankaɗe, sannan mu jiƙa."

Baba ya sauke hannunsa daga fuska. Ya tuna tambayar Sista Rahila a asibiti, ni ma na tuna.

An shigar da ƙarar cikin wa'adi. Tikitin da mudir ya bayar ranarsa ta wuce ba a hau ba. Baba yana nan a Al Asmakh, an mai da shi ɗakin ƙasa saboda matakala, da tukunyar iskar numfashi a gefen gadonsa. Awudu kuwa kamfani ya canza masa wurin aiki zuwa can bayan gari ba tare da bayani ba. Ban san yadda shari'ar za ta ƙare ba, kuma ba zan yi hasashe ba. Na tambayi Sista Rahila ko wannan bugun kaya ya isa ya yi wa mutum illa. Ta ce ba za ta iya cewa e ko a'a ba, amma Inna da Sadiya su je a ɗauki hoton ƙirjinsu, su kuma gaya wa likita dalili, su riƙa komawa.

Na ƙara shafi ɗaya a ƙarshen fayil ɗin, lauya bai nema ba. Na rubuta sunayen matan biyu, na sake kiran Inna na tambaye ta sau nawa Baba ya zo hutu da irin waɗannan kaya. Ta ƙirga da yatsu ta ce bakwai. Na rubuta. Na ce ta sake tunawa da kyau. Ta ce akwai shekarar da Sadiya tana ƙarama, ita ce ma take riƙe mata bakin wandon tana bugawa, ba ta tuna ko ta sa wannan a lissafi ba.

Na soke abin da na rubuta da layi ɗaya, yadda za a iya karanta na farkon. A gefensa na sa: bakwai ko takwas.